Mu Ɗauki Hoton Ƙasarmu Da Ido Biyu

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, malamanmu da iyayenmu na ikkilisiya, muna roƙon ku ku yi wani ɗan gwaji kafin ku ci gaba da karanta wannan shafi. Ku miƙa hannu, ku ɗaga babban yatsa, ku rufe idon hagu ku dube shi. Sai ku buɗe na hagu ku rufe na dama. Za ku ga kamar yatsan ya yi tsalle. Yatsa yana nan inda yake. Abin da ya faru shi ne, kowane ido yana ganin duniya daga nasa wurin, domin tsakaninsu akwai tazarar kamar santimita 6 da rabi. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa gani biyun nan, ta gaya mana abin da ke kusa da abin da ke nesa. Wannan hikimar Mahalicci ce, kuma a kanta muke so mu gina shawararmu.

Shawarar ita ce, makarantarmu ta fara ɗaukar hotunan duwatsu, rafuka, gonaki da ƙauyukan ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, irin hotunan nan tagwaye masu nuna zurfi, a kuma adana su domin na baya.

Wannan fasaha ta tsufa ƙwarai. A 1838 wani masanin Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna cewa in aka ba kowane ido nasa hoton daban, mutum zai ga abu a tsaye kamar ya taɓa shi. A 1849 David Brewster ya ƙera ƙaramin akwatin kallo mai gilashi biyu, wanda ya yi farin jini bayan babban baje kolin Landan na 1851. Daga 1856 Francis Frith ya shiga Masar yana ɗaukar dalar Fir'auna da gaɓar kogin Nilu ta wannan hanya. A 1900 kamfanin Underwood & Underwood na Amurka ya fitar da tagwayen hotuna 100 na Ƙasa Mai Tsarki tare da littafin bayani, har 'yan makarantar Lahadi da ba su taɓa barin garinsu ba suka kalli Urushalima da kogin Urdun kamar suna tsaye a wurin. Har yau ana adana gilasan irin waɗannan hotuna a wata jami'a a Kalifoniya, masu bincike na duba su domin su san yadda garuruwa suke shekara 100 da suka wuce.

To, mu fa? A albam ɗin yawancin gidajenmu akwai hoton biki, hoton suna, hoton baftisma da na ranar kammala makaranta. Amma da wuya a sami hoton dutsen da garin Dutsin-Ma ya ci sunansa, ko na duwatsun da ke kan hanyar Kurfi. Mun saba da su har mun daina ganinsu. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983. Wa zai iya nuna mana yadda kwarin yake kafin ruwa ya rufe shi? Sai dai mu saurari labari daga bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, gonaki da yawa na bakin gari sun zama gidaje. Ana fasa duwatsu a sayar da tsakuwa, ana sare kirya da marke a yi gawayi. Rashin tsaro kuma ya sa wasu 'yan'uwanmu na ƙauyukan da ke kusa da dajin Rugu sun bar gidajensu. Ƙasar da muke gani yau ba ita jikokinmu za su tarar ba.

Wani zai ce, ai hoto hoto ne, mene ne na wahalar yin biyu? Amsa ita ce, hoto guda yana baje komai a kan takarda. Dutse mai tsawo ya koma kamar tabo, kwari mai zurfi ya zama fili. Hoton tagwaye kuwa yana mayar wa dutse da girmansa, ya raba kukar da ke gaba da gonar da ke bayanta. Ga mai karatun labarin ƙasa, wannan darasi ne da allo ba zai iya bayarwa ba. Masu zana taswira ma da irin waɗannan hotuna, waɗanda aka ɗauka daga jirgin sama, suka daɗe suna auna tudu da gangare.

Wasu masu wannan sana'a sun fi son babban fim mai lamba 120, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1901. Kowane hoto a kansa kamar santimita 6 ne tsawo da faɗi, wato ya ninka na ƙaramin fim mai milimita 35 fiye da sau uku. Saboda haka ganyen bishiya da tsagar dutse suna fita sarai. Akwai kyamarori da aka ƙera musamman domin wannan aiki, kamar Rolleidoscop ta Jamus ta 1926, da Sputnik da aka yi a Tarayyar Sobiyat tun shekarun 1950. Kowacce tana da idanu uku, biyu na ɗauka, ɗaya na dubawa. Naɗi guda da ke ba da hoto 12 a kyamarar yau da kullum, a nan tagwaye 6 kaɗai yake bayarwa. Wannan ƙaranci yana koya wa mai ɗauka natsuwa, domin sai ya yi tunani kafin ya danna.

Mun san abin da ma'ajin makaranta zai faɗa, kuma yana da gaskiya. Fim yana da tsada, wuraren wanke shi sun yi ƙaranci, irin waɗannan kyamarori kuma ba a samunsu a kasuwarmu. Ba mu ce a taɓa kuɗin abinci ko na littattafai ba. Da kyamara guda, ko wayar hannu ma, ana iya farawa. Ka tsaya ka ɗora nauyinka a ƙafar hagu ka ɗauka, ka mayar da shi ƙafar dama ka sake ɗauka, ba tare da ka karkata kyamarar ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, tazarar da za ka gusa ta zama kashi 1 cikin 30 na nisan abin da ya fi kusa da kai. In abu mafi kusa yana mita 2, santimita 6 ko 7 sun isa. In dutse kake ɗauka daga nesa, kuma bishiyar farko tana mita 30, sai ka gusa mita 1. A kula kada saniya ko mai keke ya gifta tsakanin ɗauka biyun, domin zai ɓata aikin. Akwatin kallo kuwa, 'yan ajin kimiyya za su iya haɗa shi da kwali da gilashin ƙara girma guda biyu.

Abin da muka nace a kai shi ne a wanke hotunan a kan takarda. Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata, ana sayar da ita, dubban hotuna su tafi a rana ɗaya. A bayan kowane kati a rubuta sunan wurin, ranar da aka ɗauka, da gefen da aka fuskanta. In Allah ya hore, wani tsohon ɗalibi ko ɗan ikkilisiya da ke da tsohuwar kyamarar fim a akwati ya ba mu aro, sai mu keɓe fim domin wurare goma mafi muhimmanci, domin fim baƙi da fari da aka adana da kyau yakan haura shekara 100.

Akwai ladabi da ya kamata mu kiyaye. Kada ɗalibi ya fita shi kaɗai, kuma kada a je inda malamai da iyaye suka ce babu lafiya. A fara gaida mai unguwa ko dagaci a nemi izini. Kada a ɗauki mutum, ko cikin gidansa, ko wurin ibadarsa, sai da yardarsa. Maƙwabtanmu Musulmi da mu duk ƙasa ɗaya ta haife mu, saboda haka in an gama a kai wa hakimi kwafi, a kuma gayyaci makarantun da ke kewaye su zo su kalla.

A cikin Littafin Joshuwa sura 4, bayan Isra'ilawa sun haye Urdun, an umarce su su ɗebo duwatsu 12 su kafa, domin in 'ya'yansu suka yi tambaya a sami abin nuna musu. Mu ma za a tambaye mu yadda ƙasar nan take a zamaninmu. Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu malami guda mai kula da aikin, da ɗan kabad a ɗakin karatu. Muna roƙon 'yan aji huɗu da biyar su karɓi aikin, tun da 'yan aji shida suna bakin tafiya. A fara da kaka mai zuwa, lokacin da gero ya nuna, sararin sama kuma bai riga ya cika da hazo ba.

Ubangiji ya ba mu idon ganin kyawun abin da ya halitta, da zuciyar kula da shi. Amin.