Da tsohuwar zuma ake magani: a auna kwamfuta kafin a yi mata jana'iza

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Ɗalibin Wurno ko Rabah ko Goronyo zai fafata da ɗan Legas a kan allo iri ɗaya, alhali wani bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba. Duk da haka, ba wuya a tarar da tsofaffin kwamfutoci jibge a ɗakin ajiyar makaranta, ƙura ta lulluɓe su, an ce sun mutu. Wa ya auna su? Mai gyara ya danna, ba su tashi ba, ya ce sun ƙone. Wannan almubazzaranci ne, kuma yara ke biyan kuɗinsa.

Kayan awon kuwa kyauta ne. Manhajar MemTest86, wadda ta fito tun 1994, ana tayar da ita daga filashi, ta bi ƙwaƙwalwar na'ura gurbi-gurbi, ta nuna inda kuskure yake. CrystalDiskInfo tana karanta rahoton lafiyar da faifan ajiya ke tarawa a kan kansa. Idan agogon kwamfuta yana komawa baya duk lokacin da aka kashe ta, galibi ɗan batirin CR2032 ne ya ƙare. Idan tana ɗaukewa da tsakar rana, a fara duba fanka, domin ƙurar hunturu tana toshe ta, zafin Afrilu a Sakkwato kuma yana haura digiri 40.

Masu son sabo za su ce Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin na'urori ba sa ɗaukar Windows 11. Haka ne. Sai dai Linux yana gudana a kansu, yaron da zai koyi riƙe linzami da zaɓen amsa kuwa bai buƙaci fiye da haka ba. Abin da ba a faɗa shi ne, sayen sabo yana zuwa da kwangila, awo kuwa ba shi da la'ada.

Saboda haka ya kamata shugabannin makarantu da sakatarorin ilimi na waɗannan ƙananan hukumomi uku su kafa ƙa'ida: kada a soke kwamfuta daga rajistar kaya sai da rubutaccen sakamakon awo, ɗauke da sunan abin da ya lalace da kuɗin canza shi. Wadda awo ya tabbatar ta mutu, a cire sassanta a rayar da 'yar'uwarta. Sauran a mayar da su aji kafin jarabawa mai zuwa.