Bibiyar Abokan Hulɗa a LinkedIn da Nauyin Shaida

Wani ma'aikacin gwamnati ya aiko mini da tambaya game da LinkedIn, wato dandalin nan na intanet inda ma'aikata da 'yan kasuwa ke baje kolin sana'arsu. Ya ce kullum da safe, kafin ya taɓa fayil ko ɗaya, sai ya bi ya karanta abin da abokan hulɗarsa suka rubuta: wannan ya sami ƙarin girma, wancan ya gama kwas a Ingila, wani kuma ya buɗe shago a Kantin Kwari. Shin wannan sada zumunci ne, ko kuwa ɓata lokaci?

To, ya ɗan'uwa, shi dai dandalin an buɗe shi a Amurka cikin 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan kuɗi sama da dala biliyan 26, kuma a 2023 masu rajista a cikinsa suka kai biliyan 1. Kasuwa ce ke nan, hukuncin shigarta kuwa yana bin abin da mutum ya je yi. In ka ga ɗan'uwanka ya sami ci gaba ka taya shi murna, ko ka ga wanda ya sa koren tambarin neman aiki ka haɗa shi da mai bukatar irinsa, lalle ka yi abin kirki. Sai dai lokacin ofis amana ce, domin albashinsa ake biyanka. Ka bari sai an tashi. Ka kuma tsare zuciyarka daga hassada, gama ba mai rubuta ranar da aka hana shi kwangila.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda mai tambaya bai ambata ba. Tun 2012 dandalin ya fito da wata hanya da mutum zai danna sau ɗaya ya shaida cewa wane gwani ne a lissafin kuɗi, ko a tafiyar da ma'aikata. Da yawanmu kuwa dannawa muke yi don kunya, ko don shi ma ya danna mana, alhali ba mu taɓa ganin aikin mutumin ba, wani ma ko muryarsa ba mu sani ba.

An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, wani ya tashi ya yabi wani mai ba da shaida. Sai Halifa ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko kuwa cinikin dinari da dirhami ya taɓa haɗa su. Duk ya ce a'a. Nan take Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba, watakila dai a masallaci ya gan shi yana ruku'u da sujada. To, in ganin mutum cikin salla bai isa a tsaya masa ba, ina ga ganin hotonsa da babbar riga a fuskar waya?

Kada a ɗauka abin wasa ne. Shugaban ma'aikata zai iya duba wannan shaida ya ɗauki akanta, ya bar wanda ya fi cancanta a gida. Attajiri zai iya ganin sunanka a ƙarƙashin na wani, ya ba shi kaya bashi saboda ganin girmanka. Ranar da dukiya ta salwanta, da hannunka a ciki, ko da ba wanda ya kira ka gaban alƙali. Malamai kuwa ba su yi saɓani ba cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai.

Ni kaina ban kuɓuta ba. Da na zauna amsa wannan tambaya, sai na koma na duba mutanen da na taɓa shaida, na auna kowannensu da tambayoyin nan uku. Waɗanda na san aikinsu da idona na bar musu. Sauran na janye, tun da dandalin ya ba da damar yin haka. Ɗaya daga ciki ya bugo mini waya yana ƙorafi, na ce masa ya kawo mini littafin ajiyar kuɗin shagonsa in duba, in na gamsu in mayar. Ya ce zai zo ran Asabar.