Gilashin Ƙofar Mota Amana Ne



Duk wanda ya saba shiga tashoshin motocinmu ya san abin da za mu yi magana a kai. A layin tsofaffin motocin haya da wuya a rasa wadda gilashin gefenta ya fashe, aka maye gurbinsa da leda, ko kwali, ko guntun falanki. Wata kuma an kai ta wurin mai yankan gilashin gida, ya yanka mata irin wanda ake sa wa tagar ɗaki. Mun ga haka har idonmu ya saba, fasinja ya shiga ya zauna, ba ya ko tambaya. Ra'ayinmu shi ne wannan sabo ya kamata ya ƙare. Gilashin ƙofa yana cikin abin da direba ya yi alkawarin bayarwa a lokacin da ya karɓi kuɗin mota, kuma gyaransa yadda ya dace bai fi ƙarfinmu ba.

Mu mutanen hanya ne tun asali. Kakanninmu fatake sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, suka bi ta Yendi zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja neman goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi, cikinsu har da Malam Alhaji Umaru, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. A wancan zamani madugu ba ya ɗaga ayari sai ya duba igiya da akumari da mangala, domin ya san ƙaramin sakaci a gida babbar asara ne a daji. Direban yau shi ne magajin madugu. Jaki ya zama Benz 207 ko Urvan ko tsohuwar Opel, amma nauyin rayukan da ke bayansa bai canja ba.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne gilashin mota iri biyu ne, kuma babu ɗayansu da ya yi daidai da na gida. Na gaba falle biyu ne da aka manne da wata siririyar roba a tsakiya. Idan dutse ya buge shi sai ya tsage kamar saƙar gizo-gizo, amma ya tsaya a wurinsa. Wani Bafaranshe mai suna Édouard Bénédictus ne ya yi rajistar wannan dabara a 1909. Na gefe kuwa, a yawancin tsofaffin motocin da muke hawa, falle ɗaya ne da aka gasa a wuta mai zafin da ya haura digiri 600, sa'an nan aka huce shi nan take da iska mai ƙarfi. Wannan gashi yana sa ya ninka gilashin gida ƙarfi kamar sau huɗu zuwa biyar, kuma in ya fashe sai ya ruguje ya zama ƙananan ƙwayoyi kamar tsakuwa, marasa kaifi sosai. Gilashin gida kuwa in ya fashe dogayen tsinke yake zama, kowanne kamar wuƙar mahauci. A tuna cewa wuyan fasinja da fuskar yaron da ke kan cinyar uwarsa ba su fi taƙi ɗaya daga wannan taga ba.

Daga nan wata hujja take fitowa. Gasasshen gilashi ba ya yankuwa. Da zarar an sa masa abin yanka sai ya tarwatse gaba ɗaya, domin tun a masana'anta ake yanka shi daidai da ƙofar motar kafin a gasa shi. Saboda haka duk wanda ya ce zai yanka maka gilashin ƙofa daga babban falle a shagonsa, ka tabbata ba irin wanda aka ƙera motar da shi zai ba ka ba. Ba sai an yi gardama da shi ba. A duba kusurwar gilashin kawai. Na ainihi yana da hatimi da aka buga a jikinsa: sunan masana'anta, da kalmar Turanci da ke nuna an gasa shi, da harafin E a cikin da'ira tare da lamba idan an tantance shi bisa ƙa'idar Turai. E1 na nufin Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E6 Beljiyam. Motocin da suka zo daga Amurka kuma za a ga haruffan DOT. Gilashin da babu hatimi a jikinsa ba shi da shaida, kuma mu da muka yi karatu a zaure mun san matsayin da'awar da ba ta da shaida.

Leda da kwali da falanki nasu laifin daban ne. Tun 1974 Gana ta koma tuƙi ta hannun dama, direba yana zaune a hagu. Tagar hagu ita ce ke fuskantar motocin da ke tahowa suna watso tsakuwa, kuma ta cikinta direba ke duba madubi kafin ya wuce wata mota. Wanda ya toshe ta ya rufe wa kansa ido ɗaya, a garuruwan da babura suka fi motoci yawa. Ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke cika ƙirjin tsofaffi da jarirai a kan hanyar Tamale zuwa Salaga ko ta Yendi zuwa Bimbilla. Ga ruwan damina da ke zuba cikin ƙofa, ya ci injin ɗaga gilashi da makulli da gindin ƙofar kanta, har gyaran abu ɗaya ya zama gyaran abu huɗu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa ba sai ranar tsautsayi. Idan mota ta kife ko ta faɗa ruwa, ƙofofi suka ƙi buɗuwa, gilashin gefe shi ne mafita. Bugu ɗaya da ƙarfe mai tsini a kusurwarsa ya isa ya zubar da shi, mutum ya fita. Falankin da aka ɗaure da ƙusa ko waya ba ya yin haka. Mutanen yankin Bawku sun san yadda koguna ke cika idan aka saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso a ƙarshen damina, mutanen Salaga kuma sun san motar da ke jiran jirgin fito a Makango bakin ruwa take. A Bawku akwai ƙarin dalili. Garin ya sha fama da dokar hana fita da shingayen jami'an tsaro, kuma motar da ba a ganin cikinta, ko da kwali aka rufe ta ko da baƙar leda, tana jawo wa direba da fasinjansa zargin da ba su da buƙatarsa.

Mun san abin da direbobi za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Yawancinsu motar ba tasu ba ce. Kullum sai sun kai wa mai mota abin da aka yanka musu, ga mai, ga kuɗin tasha, ga cefane. Gilashin tsohuwar mota ba a cika samunsa a Salaga ko Yendi ba, sai an aika Tamale, in ba a dace ba sai Magazin ta Suame a Kumasi ko Abossey Okai a Akra. Motar da ta tsaya kwana uku tana jiran kaya, gida uku ne suka kwana babu shiga. Wannan gaskiya ce, shi ya sa ba mu ga laifin wanda ya manna farar leda mai nuna waje na 'yan kwanaki kafin saƙo ya iso ba. Laifin yana farawa ne ranar da kwanaki suka zama watanni, leda ta yage a sake wata, har abin da aka kashe wa salatif ya kusa kuɗin gilashin. Nauyin sayen gilashi kuwa a wuyan mai mota yake. Wanda ke karɓar ribar mota kowace yamma shi ne ya kamata ya ɗauki hidimarta.

Wasu kuma za su ce tsohuwar mota ba ta cancanci a kashe mata kuɗi ba, a bar ta ta ƙarasa. Masu wannan magana ba su dubi halin da muke ciki ba. A 2020 majalisar dokoki ta yi wa dokar kwastan gyara domin hana shigo da motocin da suka haura shekara 10 da waɗanda suka yi haɗari a waje, don a ƙarfafa kamfanonin da ke harhaɗa sababbi a cikin ƙasa, irin su Volkswagen. Daga baya aka dakatar da aiwatar da hanin. Ko an aiwatar ko ba a aiwatar ba, mai kai tumatir da albasa kasuwar Bawku ko mai ɗaukar doya daga ƙauyukan Salaga ba zai sayi sabuwar mota gobe ba. Benz 207 da aka fara ƙerawa a 1977 har yanzu tana kai mata asibiti. Motar da za ta ci gaba da ɗaukar mutane shekaru masu zuwa dole a riƙe ta riƙon abin da ake buƙata.

Yadda ake gyaran kuwa ba wani sirri ba ne, kuma yana da kyau mai mota ya san shi domin ya iya sa ido. Kafin a aika saye, a ɗauki hoton hatimin da ke kan gilashin ɗaya gefen, a faɗi sunan mota da shekararta da lambar jikinta, a bayyana ƙofar gaba ce ko ta baya, hagu ko dama, mai but ce ko doguwa, domin gilashin ƙofar baya yakan bambanta tsakaninsu. Gilashi na hannu da aka ciro daga wata mota ba shi da aibi, muddin gefunansa lafiya suke. Rauninsa a baki yake, kuma ɗan ɓantare a gefe kan iya tarwatsa shi wata rana a kan gargada ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A naɗe shi da kwali, a ɗauko shi a tsaye, kada a kwantar da shi a ɗora kaya a kai.

Idan ya iso, bakanike zai cire hannun ƙofa da marfin cikinta, ya ɗaga ledar da masana'anta ta manna don tare ruwa ba tare da ya yaga ta ba. Sai ya kwashe ɓaraguzan tsohon gilashi kakaf daga cikin ƙofa da cikin robar da gilashi ke bi, ya buɗe ƙananan ramukan da ke gindin ƙofa inda ruwa ke fita. A nan masu gaggawa suke yin ha'inci, domin aiki ne da ido ba ya gani, alhali ƙwayar gilashi ɗaya da ta maƙale a roba ta isa ta karce sabon. Daga nan ya duba injin ɗagawa ya sa masa giris, ya zura gilashin a karkace ta sama, ya daidaita shi a kan mariƙinsa, ya ɗaure ba tare da matsewa fiye da kima ba. Kafin ya mayar da marfi sai ya ɗaga ya sauke sau da yawa, ya ga yana tafiya sumul yana rufewa ruf. Idan robar ta bushe ta tsattsage, a canja ta a lokacin, kada a jira a sake buɗe ƙofa.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan wannan fage. Sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka ba shi ya tafi da su ya gyara, sun kuma hana mai sayarwa ɓoye aibin hajarsa, har suka ba mai saye damar mayarwa idan aibin ya bayyana. Wanda ya sa gilashin gida a mota ya ce na mota ne ya ɓoye aibi, kuma wanda zai biya farashin aibin da jininsa bai ma halarci cinikin ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rauni take jawowa.

Saboda haka muna da roƙo uku. Ga shugabannin tasha da 'yan ƙungiyar GPRTU: ku yanka wa'adi ga motar da tagarta ta fashe, in ya cika ba a gyara ba kada a ba ta layi. Kada ku jira sai ranar da za a kai ta gwajin DVLA, domin ku ne ke ganinta kullum. Direbobi kuma sun saba da adashi. A ware wani kaso a matsayin asusun gyara, wanda gilashinsa ya fashe ya ranta ya biya a hankali. Ga iyaye da sarakunan zango: samarinmu da ke zaune babu aiki, a tura wasu su koyi aikin ƙofa da gilashi a Tamale ko Suame, su dawo su buɗe rumfa a gida, a rage jiran saƙo daga kudu. Sana'a ce mai tsabta, jarinta bai kai na gyaran inji ba, kuma hanyoyinmu ba za su bar mai ita ya rasa ciniki ba. Ga fasinjoji kuma, musamman iyayenmu mata masu goyo: kuna da ikon duba taga kafin ku zauna, kuna da ikon cewa a sauya muku wuri ko ku jira ta gaba. Ranar da direba ya ga kujerar da ke kusa da falanki ta ƙi cika, ranar zai nemi lambar mai gilashi.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a sana'ar direbobinmu da kanikawanmu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.