Idan ɗan aiken na'ura ya kasa gane Zangon Daura, laifin wa?

Duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa ya san cewa rabin aikin yana cikin bayanin da aka yi masa. Ka ce ya sayo gero ba tare da ka faɗi tiya nawa ba, duk abin da ya kawo sai ka karɓa. Wannan tsohuwar matsala ce ta sake ɓullowa a fagen ƙirƙirarriyar basira, wato AI.

A yau akwai manhajojin AI da aikinsu ya wuce hira. Suna duba farashi, su cike fom, wasu har su tura kuɗi. Ana iya kiransu 'yan aiken na'ura. Ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi. Abin da yake gani kawai shi ne sunan kowane kayan aiki, da gajeren bayanin da mai haɗa manhajar ya rubuta a kansa, da irin bayanan da za a shigar. Da wannan rubutun yake yanke shawarar wanda zai ɗauka.

A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin Model Context Protocol, wanda ya daidaita yadda ake haɗa AI da irin waɗannan kayan aiki, kuma OpenAI ya rungume shi a watan Maris na 2025. A gida Najeriya, Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya sanar da N-ATLAS a watan Satumban 2025, wata manhajar harshe da ke aiki da Hausa da Yarbanci da Igbo. Ke nan ranar da manomi zai yi wa irin wannan ɗan aike magana da Hausa ta waya ba ta da nisa.

A ɗauki Zango da ke masarautar Daura. Idan an rubuta wa kayan aiki cewa "yana kawo farashin hatsi", an bar tambayoyi da dama a buɗe. Farashin tiya ko na buhu? Buhun takin zamani kilo 50 ne, na hatsi kuwa yakan kai ninkinsa. Zango tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda ciniki ke tafiya da sefa, to da wane kuɗi aka yi lissafin? Sunan garin ma tarko ne, domin akwai Zangon Kataf a Jihar Kaduna. Bayanin da bai umarci ɗan aiken ya tambayi jiha ba zai iya sa manomin gero ya sayar da amfaninsa bisa farashin wata kasuwa da ke nesa da shi.

Ta yaya ake auna ingancin irin wannan bayani? Na farko, ya faɗi abin da kayan aikin ke yi da wanda ba ya yi. Na biyu, ya fayyace ma'auni da kuɗi da ranar da aka tattara farashin. Na uku, ya nuna ko aikin dubawa ne kawai ko kuwa zai taɓa aljihun mutum, domin a nemi izininsa tukuna. Sannan a gwada shi da tambayoyin da mutane ke yi da bakinsu, a ƙirga sau nawa ɗan aiken ya zaɓi daidai, a gyara rubutun, a sake gwadawa.

Akwai kuma batun tsaro. A watan Afrilun 2025 masu bincike a kamfanin Invariant Labs sun nuna cewa ana iya ɓoye mugun umarni a cikin bayanin, ɗan aiken ya bi shi ba da sanin mai wayar ba.

Wannan aiki ne da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura za su iya shiga, tunda sun san tiya da sefa da sunayen garuruwansu. Hukumar NITDA kuwa ya kamata ta nemi duk mai kawo irin wannan manhaja ga jama'a ya nuna sakamakon gwajinsa da Hausa kafin a bar ta ta taɓa kuɗin kowa.