Ra'ayinmu: A Wanke Mataci Da Ƙwarya Kafin A Fito Da Kunu

Tun watan Janairun 2000, da Shari'a ta fara aiki a Jihar Zamfara, doka ta hana dafa burkutu da sayar da shi. Abubuwan sha na halal kuwa, wato kunun zaki da kunun aya da zoɓo da fura da nono, kullum haɗa su ake yi a cikin gidaje, a fito da su kasuwar Talatar Mafara ko tashar Bakura da ta Maradun. Ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau da ƙananan ma'aikata da yawa da su suke kashe ƙishirwar rana. Sana'a ce mai rufa asirin mata, ba ma son a taɓa ta. Abin da ya dame mu shi ne kayan aikinta.

A duba yadda ake kunun zaki. A jiƙa gero ko dawa, a niƙa, a raba ƙullun biyu, a dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, sa'an nan a zuba ɗanyen a kai, a rufe ya kwana ya yi tsami. Zafin nan yana kashe ƙwayoyin cuta, tsamin kuma yana dakushe wasunsu. Ƙwayar kwalara, alal misali, ba ta jure tsami. Ashe ke nan yawancin haɗarin daga baya yake zuwa: daga matacin da aka rataye ba a wanke ba, da ƙwaryar da ta tsage tsohon ƙullu ya maƙale a tsagin, da ruwan randar da aka surka kunun da shi, da ƙanƙarar da ba wanda ya san inda aka ɗebo ruwanta. Kunun aya ya fi kowanne saurin lalacewa, don ba a dafa shi, ɗanye ake tace shi a sa sukari. Mafi muni kuma su ne gorunan robar da yara ke tsintowa a tasha, a ɗauraye su sama-sama a cika.

Ga kuma batun ruwan wankin kansa. Madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta kai ruwa gonakin yankin nan, amma ruwan magudana na ban ruwa ne. Wanda ya wanke ludayi da shi ya ƙara masa datti. Kada mu manta, a 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Gyaran ba shi da tsada. A wanke kaya da sabulu da soso nan take bayan an gama aiki, kafin ƙullu ya bushe, a ƙwara musu ruwan zafi, a kife su a rana bisa abu mai tsayi inda awaki da kaji ba sa kai. Ƙwaryar da ta tsage a yar da ita. Ruwan surki a tafasa shi tukuna.

Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Talatar Mafara da Bakura da Maradun su sake tayar da aikin duba-gari. Ba mu nufin a riƙa kifar da bokitin tallar yarinya ko a ci uwarta tara. A ɗauki mata ma'aikatan lafiya waɗanda za su iya shiga gidaje su nuna wa masu sana'ar nan yadda ake yi, a haɗa da masu injin niƙa, a kuma gyara fanfunan burtsatsen da suka mutu a unguwanni tun kafin damina ta faɗi.