Rufin Asirin Da Ke Cinye 'Ya'yanmu

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai maganar da muka daɗe muna kauce mata a ikkilisiyoyinmu na Wurno, Rabah da Goronyo: shaye-shaye ya shigo gidajenmu.

Da an ambaci hodar ibilis sai mu ce ai wannan ta masu kuɗin Legas ce. Gaskiya ne, a Ikorodu hukumar NDLEA ta kama tan 1.8 nata a 2022. Tana matse jijiyoyin jini, ta hau da bugun zuciya, har saurayi mai ƙarfi ya yanke jiki ya faɗi ko ɓarin jikinsa ya shanye. Amma tsadarta ba ta kare mu ba, domin ƙannenta masu araha suna nan: tramadol, kodin, wiwi da sholisho. Yaron da ke haɗiyar tramadol don ya wuni yana aikin albasa ko shinkafa a fadamar Rima, farfaɗiya yake saya da kuɗin guminsa. Kodin kuwa yana danne numfashi. Gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi tun 2018, duk da haka kwalaben ba su ɓace ba. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fitar a 2019 ya ce 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne ke shan ƙwayoyi. Wa ya ce babu namu a ciki?

To, me muke yi? Iyaye su ɓoye, wai kada a yi da mu tun da mu 'yan kaɗan ne. Dattawa su sa yaro ƙarƙashin horo, a hana shi jibi, shi ke nan an gama. Wa zai karɓe shi in ba 'yan dabar da suka koya masa ba? Sunan ikkilisiya ya fi ran ɗa ne?

Wasu za su ce addu'a ta isa. Addu'a wajibi ce, amma mai zazzaɓi ma mukan yi masa addu'a mu kuma kai shi asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Kware, kusa da mu.

Fastoci, ku faɗi sunayen ƙwayoyin nan daga kan bagade. Zumuntar mata, ku shiga gidaje. Dattawa, ku ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota da magani. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin hali. Amin.