Kiwon Kajin Ƙwai a Fili: Hanyar da Ta Fi Dacewa da Ƙaramin Manomi

Ya kai manomi, da kai malamin gona, hanyoyi biyu aka fi sani na kiwon kaji a ƙasar nan. Akwai kiwon sake, inda kaza ke wuni tana tono a bola da bayan gida, ta yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara idan ta tsira daga shaho da annoba. Akwai kuma kiwon keji, wanda ke ba da ƙwai mai yawa, amma yana bukatar jari mai nauyi, kuma duk abin da kaza za ta ci sai an saya. Ra'ayinmu shi ne, mai kaji 30 zuwa 100 ya fi dacewa ya bi hanya ta uku: ya killace fili mai ciyawa, ya raba shi kashi-kashi, kaji su wuni a ciki suna kiwo, su kwana a akurki mai tsaro.

Abin da ke ba gwaiduwa launi

Mai saye yana fasa ƙwai ya duba gwaiduwa. Idan ta yi ja-ja kamar manja, sai ya dawo gobe. Idan ta yi fari-fari, sai ya ce ƙwan ba shi da daɗi. Kaza ba ta ƙirƙirar wannan launi da kanta, daga abinci take samun sa. Sinadaran da ke kawo shi suna cikin ɗanyen ganye, da masara mai launin rawaya, da jan barkono. Shi ya sa kazar da aka ciyar da farar masara da dawa zalla take yin ƙwai mai kodaɗɗiyar gwaiduwa, ita kuwa mai kiwo a ciyawa tata takan yi jajir. Ganyen zogale da alayyafo da ganyen dankali duk suna yin wannan aiki. Haka ma masara mai ruwan lemo, mai ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wadda aka fara fitar wa manoman Nijeriya a shekarar 2012.

Amfanin bai tsaya ga launi ba. Binciken da aka wallafa daga Jami'ar Jihar Pensilbaniya ta Amurka a 2010 ya nuna cewa ƙwan kajin da ke kiwo a ciyawa ya fi na kajin keji yawan bitamin E da kuma kitsen omega-3 mai amfani ga jiki.

Launin ɓawo kuwa daban yake. Gado ne, daga irin kaza yake zuwa, abinci ba ya sauya shi. Kazar Araucana ta ƙasar Chile tana yin ƙwai mai shuɗin ɓawo, Marans ta Faransa tana yin mai duhun ruwan ƙasa, Leghorn kuma fari. Abin da ke cikinsu ɗaya ne idan abinci ɗaya suka ci. Don haka kada ka kashe kuɗinka wajen neman baƙon iri saboda launin ɓawo, kuma kada ka gaya wa mai saye cewa jan ɓawo ya fi fari gina jiki.

Irin kazar da za ka zaɓa

Ka nemi irin da ya saba da yanayinmu. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya, ta samar da ShikaBrown, kazar ƙwai mai jure zafi. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta ta samar da FUNAAB Alpha, wadda aka yi wa rajista a 2018, aka kuma gina ta a kan jinin kajin gida. Akwai kuma Noiler, mai ba da ƙwai da nama. Waɗannan suna fara ƙwai suna da kimanin wata biyar, kuma sun fi kazar gida yawan ƙwai nesa ba kusa ba. Ka kuma sani cewa kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwan ci. Zakara na mai son ƙyanƙyasa ne.

Ciyawa ba ta maye gurbin abinci

A nan ne da yawa ke tafka asara. Kaza ba saniya ba ce, cikinta ba ya iya sarrafa ciyawa mai yawa. Abin da take samu a fili na ganye da fari da gara da tana ƙari ne kawai. Kazar da ke ƙwai tana bukatar kimanin giram 110 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci a kullum, mai ɗauke da furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari. Ke nan kaji 50 za su ci kilo 5 da rabi zuwa 6 a rana, buhu mai kilo 25 ba zai kai su kwana biyar ba. Ka yi wannan lissafi kafin ka sayo 'yan tsaki. Wanda ya rage abinci yana dogaro da fili, ƙwai ne zai ragu.

Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam, kaza kuma takan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ta haɗa ƙwai guda. Saboda haka ka ajiye dakakken ɓawon kawa ko garin ƙashi a kwano daban. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, domin kaza na shan kusan ninki biyu na nauyin abincin da ta ci, kuma fiye da haka a lokacin bazara.

Yadda za a tsara fili

Dokar Tarayyar Turai ta ware wa kowace kazar ƙwai mai kiwon fili murabba'in mita 4. Idan ka bi wannan awo, kaji 50 na bukatar fili mai faɗin mita 10 da tsawon mita 20. Ka raba shi gida huɗu da waya ko zana, kaji su yi mako guda a kowane ɓangare, sauran uku suna hutawa. Hutun yana barin ciyawa ta sake tofowa, rana kuma ta rage ƙwayayen tsutsar ciki, kashin kaji ya zama taki. Kaji da aka bari wuri ɗaya za su mayar da shi fako cikin 'yan makonni. Ka bar bishiya ko ka kafa rumfa don inuwa da ɓuya daga shaho. A cikin akurki, ka tanadi gurbin ƙwai ɗaya ga kowaɗanne kaji biyar, ka kuma rufe ƙofa da magariba saboda muzuru da tunku da ɓarawo. Da rani, idan ciyawa ta bushe, ka rataya musu ɗanyen ganye kullum.

Batun cuta

Masu sukar wannan hanya suna cewa kazar fili ta fi haɗuwa da cuta, kuma maganarsu tana da tushe. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, ta kuma sake dawowa a shekarun da suka biyo baya. Tsuntsayen daji, musamman na ruwa, suna cikin masu yaɗa ta. Amsar ita ce tsari. Ka ajiye abinci da ruwa a ƙarƙashin rufi, ka nisanta fili daga tafki da fadama, kada ka haɗa kaji da agwagi, kada ka bar baƙi su shiga, kuma sabuwar kaza ta yi mako biyu a keɓe. Da zarar an sanar da ɓullar cutar a yankinku, ka kulle kajinka a ciki har sai ta lafa. Idan suka fara mutuwa farat ɗaya, ka sanar da likitan dabbobi, kada ka kai su kasuwa.

Cutar Niyukasil ita ce ta fi kashe kajin karkara, musamman da hunturu. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin maganin rigakafin I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido kowane wata uku zuwa huɗu. Malamin gona, ka haɗa manoman ƙauye su yi shi rana ɗaya, domin kwalba guda ta ishi gidaje da dama.

Kula da ƙwai

Ka kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana. Kada ka wanke shi, domin ruwa na cire rufin da ke toshe ƙananan kafofin ɓawo. Ka goge datti da busasshen ƙyalle. Ka jera shi a kiret, tsinin yana ƙasa, a wuri mai sanyi, ka sayar cikin mako guda. Sabon ƙwai yana nutsewa a ruwa, tsoho yana tasowa. Idan ka ba kaji magani, ka bi kwanakin da aka rubuta a jikin maganin kafin ka sayar da ƙwansu.

Shawararmu ita ce ka fara da kaji 20 ko 30, ka riƙa rubuta kuɗin abinci da yawan ƙwai kullum. Bayan wata shida, lissafinka ne zai nuna maka ko lokacin ƙarawa ya yi.